Kwamfutar tebur ta ƙi tashi bayan an ɗauke wuta: faifan ajiya ne ya mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu, kuma kwamfutar tebur guda ɗaya nake aiki da ita. Ta gwanjo ce, Core i5, Windows 10, faifan ajiyarta HDD ne mai 500GB. Ana cikin aiki aka ɗauke wuta, da muka tada janareta sai ta ƙi hawa. Fanka na juyawa, tambarin kamfani na fitowa, daga nan sai baƙar fuska da rubutun "No boot device found". Dama kusan sati biyu ke nan tana nauyi, wani lokacin ta daskare sai an kashe ta da ƙarfi. Wani ya ce in kawo a yi mata fomatin. Damuwata ita ce ayyukan mutane na ciki, har da furojet ɗin ɗalibai, kuma ba ni da kwafinsu a ko'ina. Faifan ne ya mutu? Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kar ka yarda a yi fomatin tukuna, kuma ka daina kunna ta kana kashewa da fatan ko za ta hau. Ayyuka biyu ne a gabanka, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai ceto fayilolin mutane, akwai tada kwamfutar. Kwamfuta ko yaushe ana iya tada ta da sabon faifai cikin awa biyu. Fayilolin kuwa, in faifan yana kan gargara, wataƙila saura masa 'yan awanni na aiki, kuma duk kunnawar da ka yi a banza daga cikin awannin nan kake ci. Saboda haka duk gwajin da zan faɗa an jera shi ne yadda ba za a taɓa fayilolin da ke kan faifan ba har sai an kwashe su.

Bayaninka ya riga ya wanke abubuwa da yawa. Idan aka danna maɓalli, kwamfuta takan fara da duba kanta: firosesa, RAM, sashen hoto, kibod. Sai ta gamsu da waɗannan take nuna tambari, sannan ta nemi inda Windows yake. Tunda tambari ya fito har ta rubuta maka saƙo, madabod (babban allon lantarkin da komai ke jone a kansa) da RAM da monita sun yi aikinsu. Abin da saƙon ke cewa kawai shi ne ta nemi abin da za ta tashi da shi ba ta samu ba. HP na rubuta "Boot Device Not Found" da lamba 3F0, Lenovo na rubuta "Error 1962", wasu kuma "Reboot and Select proper Boot device", duk magana ɗaya ce. Kuma abubuwa huɗu ne ke kawo ta: ko faifan ba ya samun wuta ko wayarsa ta saki, ko saitin BIOS (ƙaramar manhajar madabod da ke tada kwamfuta kafin Windows) ya canza, ko fayilolin tashi na Windows sun lalace, ko faifan da kansa ya gaza. Ukun farko gyaransu ba ya cin ko fayil ɗaya.

Wanda tasa ba ta kai ga tambari ba, ba faifai ne matsalarsa ba, domin kwamfuta na nuna tambari ko da babu faifai a cikinta sam. In shiru ne gaba ɗaya, a duba soket, wayar wuta da fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfutar wuta. A tsofaffin na'urorin da aka shigo da su daga Amurka akwai ɗan jan makunni a bayan fawa fak mai lamba 115 da 230. Namu 230 ne, kuma wanda aka jona yana kan 115 nan take yake ƙonewa. In fanka na juyawa amma fuska baƙa ƙirin, ko tana ƙara ƙit-ƙit, RAM ne mafi yawa. A cire wayar wuta, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 20 don ragowar wutar ta fita, a zare RAM, a goge haƙoransa masu ruwan zinari da kilinar fensir, a hure ramin, a mayar da guda ɗaya har kunnuwan biyu su kama. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta jawo wannan.

Mu koma taka. Fara da cire duk abin da ke jikin USB ban da kibod: filashi, firinta, na'urar karanta kati. Filashin da aka manta a jiki kan sha gaban faifai a jerin tashi. Sai ka kunna ka shiga BIOS. A Dell F2 ne, a HP F10, a Lenovo ThinkCentre F1, a na haɗi galibi Del. Kana dannawa ne a kai a kai da zarar ka kunna.

Abu na farko da za ka kalla a ciki shi ne kwanan wata. In ka ga ta koma wata shekara ta can baya, batirin madabod ya mutu. Ɗan zagayayyen batir ne kamar na agogo, lambarsa CR2032, 3V yake bayarwa, kuma a kwamfutar gwanjo da wuya ka tarar an taɓa canza shi. Muddin kwamfuta na jone da wuta ba a gane ya mutu. Ranar da wuta ta yanke gaba ɗaya ne saitin BIOS ke komawa na kamfani. Wannan ya yi daidai da labarinka ƙwarai, shi ya sa nake son ka duba shi kafin ka yanke wa faifai hukunci. Saiti biyu ne ke hana tashi in sun canza. Na farko yanayin tashi, UEFI (sabon tsari) ko Legacy (tsohon tsari). Masu gyara da yawa suna saka Windows a Legacy, faifan ya zama mai tsarin MBR. In BIOS ya koma UEFI, zai kalli lafiyayyen faifai ya ce bai ga komai ba. Haka in an saka a UEFI ya koma Legacy. Juya shi zuwa ɗayan, ka adana, ka gwada sau ɗaya. In Legacy ya ƙi zaɓuwa, sai ka fara kashe Secure Boot. Na biyu yanayin SATA, hanyar da faifai ke haɗuwa da madabod, wato AHCI, IDE, ko abin da Dell ke kira RAID On. Shi alamarsa dabam ce: Windows na fara hawa sai ya faɗi da shuɗiyar fuska mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Maganinsa mayar da saitin yadda yake lokacin da aka saka Windows. Duk abin da za ka canza, ɗauki hotonsa da waya tukuna.

Abu na biyu, nemi shafin da ke lissafa faifai, ka ga ko BIOS na ganin naka da cikakken sunansa da girmansa na 500GB. In yana gani daidai, alama ce mai kyau, ko da yake ba shaidar lafiya ba ce. In yana nuna 0MB, ko wani baƙon suna, ko kuma kwamfutar ta daɗe a tsaye kan tambari kafin ta wuce, faifan na amsawa amma ya kasa karanta bayanan kansa. In babu shi sam, sai a buɗe akwati.

Cire wayar wuta daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka taɓa komai a ciki. Wayoyi biyu ne ke shiga faifan: siririya mai haƙori 7 da ke zuwa madabod, ita ce ta bayanai, da mai faɗi mai haƙori 15 da ke fitowa daga fawa fak. Zare su ka mayar da kyau. In akwai na'urar DVD a kwamfutar, ka samu kayan gwaji kyauta: ari wayar bayananta da ta wutarta ka saka wa faifan, ka kuma canza ramin SATA a madabod. Da wannan ka gwada waya, rami da reshen wuta a lokaci guda. In wutar faifan ta biyo ta irin 'yar adaftar nan mai arha da ke juya tsohon fulogi mai ƙafa huɗu zuwa SATA, duba ta ko ta yi baƙi ko ta narke, don sun saba.

Yanzu ka bar murfin a buɗe, ka kunna, ka ɗora yatsa a kan faifan, ka kasa kunne na daƙiƙa 15 na farko. A nan ne za ka samu amsar tambayarka fiye da ko'ina. Cikin HDD kamar garmaho yake, faifai na juyawa, allura na bin sa, sai dai wannan allurar ba ta taɓa faifan. Tana shawagi ne a kan iskar da juyawar ke tayarwa, tazarar 'yan nanomita kaɗan, alhali faifan na zagayawa sau 7200 a minti, wato sau 120 a kowace daƙiƙa. Lafiyayye za ka ji ya ɗauki gudu, ya yi ɗan kar-kar na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya nutsu. In ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere da tazara iri ɗaya, wani lokacin har ya tsaya ya sake ɗaukar gudu, allurar ce ke fita neman bayanan farawa ta kasa karantawa ta koma. In ƙugi yake ko wani siririn kuka amma ba ya juyawa, ko allura ta manne a kan faifan ko motar ta cije. In kuwa ƙarar gurzawa ce, allura na kankare fuskar da bayanan ke kai, kashe shi nan take. Shiru ɗungurungum kuma, ba ko motsi, ko wuta ba ta isa ko allon lantarkin da ke ƙasansa ya ƙone.

Ƙwas-ƙwas ɗin yana da togiya guda. Faifai mai inci 3.5 na amfani da 12V wajen juya mota da 5V wajen lantarkinsa, kuma lokacin tashi yana jan wuta kusan amfiya 2 a layin 12V. Fawa fak da ya gaji, ko wanda janareta ya buga, yana iya juya fanka ya kunna madabod amma ya kasa ɗaukar wannan jan, sai faifai ya yi ta ƙoƙarin tashi yana faɗuwa. Mai mita zai iya aunawa kwamfutar na kunne: baƙar waya ita ce ƙasa, rawaya ta ba da tsakanin 11.4 da 12.6, ja tsakanin 4.75 da 5.25. A fawa fak na gama-gari mai fulogi 24 ana haɗa koriyar waya da baƙa a ga ko zai tashi shi kaɗai, amma kar ka yi haka a ƙananan Dell da HP na ofis masu fulogi 6 ko 8, tsarin wayarsu nasu ne. Yawancin OptiPlex na da ɗan maɓalli da fitila a bayan fawa fak na gwajin kansa. Kuma kar ka buɗe fawa fak, kafasitocinsa na riƙe wuta mai kisa bayan an cire shi daga bango. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki faifan a jona shi a wata lafiyayyar kwamfuta sau ɗaya. In can ma ƙwas-ƙwas yake, an gama magana, ba aikin manhaja ba ne.

Akwai wata alama da ke biyo bayan wuta mai ƙarfi: in faifan na jone, fanka ta motsa kaɗan ta tsaya, in an cire shi, kwamfuta ta tashi. Wannan sau da yawa ɗan dayod ɗin kariya ne, TVS, da ke kusa da mashigar wuta a allon faifan, ya haɗe don ya tare wutar. Mai gyaran lantarki da ya san hannunsa zai gano shi da mita ya cire, faifan ya yi aiki har a kwashe bayanai. Musanya allon gaba ɗaya da na wani faifai iri ɗaya kuwa ba ya aiki a faifan zamani, sai an ɗauke ɗan cif ɗin ROM mai ƙafa 8 daga tsohon an mayar a sabon, saboda saitin da ke cikinsa na wannan faifan ne shi kaɗai.

In ƙarar ta nuna lalacewar ciki, abin da ya rage shi ne masu ceto bayanai da ke da ɗakin da ba ƙura, su canza allura daga wani faifai. Aikin yana da tsada kuma ba tabbas, sai ka auna da darajar abin da ke ciki. Amma kar a saka shi a firiza, raɓa ce za ta kwanta a ciki. Kar a buge shi. Kar kuma a bari wani ya kwance murfinsa a kan teburin shago "don a gani", ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allurar girma sau ɗaruruwa. Garin neman gira a nan ake rasa ido, don faifan da aka buɗe aka kunna, ko ƙwararrun ma sukan mayar da shi.

To, a ce yana juyawa lafiya kuma BIOS na ganinsa. Nauyin nan da daskarewar sati biyu su ne suka fi damuna a bayaninka, domin haka faifai ke yi in sektocinsa, wato ƙananan gurabun da yake ajiye bayanai a ciki, sun fara lalacewa: ya zo wurin da ya kasa karantawa, ya yi ta maimaitawa, Windows na jiran sa, linzami na motsi amma ba abin da ke buɗewa. Ɗauke wutar wataƙila ƙarasa shi kawai ta yi. Faifai na ajiye tarihin lafiyarsa a abin da ake kira SMART, kuma karanta shi ba ya wahalar da shi. A Dell danna F12 ka zaɓi Diagnostics. Lamba 2000-0142 na nufin faifan ya faɗi gwajin kansa, 2000-0141 ba a gan shi ba. A HP, Esc sannan F2. Gajeren gwajin kawai za ka yi, na kamar minti biyu. Dogon yana bin faifan ne daga farko har ƙarshe, kuma wannan ƙarfin gara a kashe shi wajen kwafa.

Cikakken bayanin sai an jona faifan a wata kwamfuta a matsayin na biyu an buɗe manhajar CrystalDiskInfo, ko a tashi da filashin Linux a rubuta smartctl -a /dev/sda. Kar ka tsaya kan launin da ya nuna, duba ɗanyen adadin layukan nan. Layi 05 yawan sektocin da suka mutu aka musanya da na ajiya. C5 waɗanda ya kasa karantawa yanzu haka, suna jiran hukunci. C6 waɗanda ba su gyaru ba. A lafiyayyen faifai duka ukun sifili ne. C5 ko da 8 ne, ka ɗauka faifan ya tashi daga aikin ajiyar kayan mutane, in kuma adadin na hawa tsakanin dubawa biyu, yana mutuwa ne a gabanka. C7 dabam yake: kurakuran hanya ne tsakanin faifai da madabod, laifin waya ne, kuma ba ya komawa sifili bayan an canza ta, sai dai ya daina ƙaruwa. Layi 09 awannin aikinsa ne. Shekara guda awa 8,760 ce, don haka faifan gwanjo mai awa 40,000 ya yi fiye da shekara huɗu da rabi yana juyawa. Faifan Seagate kan nuna miliyoyi a layi 01 da 07, haka lissafinsu yake, ba ciwo ba ne. Sannan SMART mai tsabta ba rantsuwa ba ce. Binciken da Google ya fitar a 2007 kan faifai sama da 100,000 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba.

Idan ka jona shi a Windows ɗin wata kwamfuta, akwai tarko biyu. Zai iya cewa sai an yi fomatin kafin a yi amfani da shi, ko ya nemi a yi "Initialize". Duka biyun ka ƙi. In kuma ya nemi mabuɗin BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, lamba ce mai alƙaluma 48, galibi tana cikin asusun Microsoft da aka shiga da shi a kwamfutar. In babu ita, babu mai gyaran da zai buɗe faifan.

In ya buɗe kuma SMART ba ja, je kai tsaye babban folda na Users, ka kwashe Desktop, Documents da Downloads, da duk inda kuke ajiye aiki a D. Fara da abin da ba a samun madadinsa, takardun Word da CorelDraw na mutane, ka bar finafinai da manhajoji. Amma in kwafin na tsayawa, ko C5 ba sifili ba ne, dakata. Kwafin Windows in ya ci karo da mugun sekta yakan tsaya a kai yana tilasta wa faifan, ga sauran dubban fayiloli masu lafiya suna jira. Kuma kar ka yarda da shawarar chkdsk /r ko manhajojin da ke cewa suna "gyara" sekta. Chkdsk tsarin fayil yake gyarawa, ba ruwansa da ceton abin da ke ciki. A kan faifai mara lafiya zai bi kowane sekta na awanni, ya yanke abin da ya kasa karantawa, ya bar maka tarkace a folda mai suna found.000.

Abin da ake yi shi ne a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya zuwa wani lafiyayye da GNU ddrescue. Shi dabararsa ita ce ya fara kwashe wuraren da ke karantuwa da sauri, yana tsallake masu wuya, sai daga baya ya dawo musu. Kana buƙatar faifai wanda bai gaza 500GB ba, gara 1TB, wanda ba komai a kansa domin za a shafe shi. Filashi mai SystemRescue, wani Linux na ceto da ke tashi daga filashi, wanda Rufus ko Ventoy za su haɗa maka. Da wani filashin na biyu. Jona faifan biyu kai tsaye da SATA. Akwatin USB kan sandare in ya haɗu da mugun sekta, kuma a USB 2.0 ko lafiyayyen 500GB sai ya ci fiye da awa huɗu. Bayan ka tashi da filashin, rubuta:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL

Ka gwada lambar da ta fito da wadda ke rubuce a jikin kowane faifai, ka tabbatar wanne ne mara lafiya. Nan ne wurin da ake kuskuren da ba ya gyaruwa: in ka juya sunayen, fankon faifai za ka kwafa a kan na ayyukan mutane. A ce mara lafiyan sda ne, sabon sdb, filashi na biyu kuma an ɗaura shi a /mnt:

ddrescue -f -n /dev/sda /dev/sdb /mnt/taswira.map

In ya gama zagayen farko:

ddrescue -d -f -r3 /dev/sda /dev/sdb /mnt/taswira.map

Fayil ɗin taswira shi ke riƙe inda aka kai. Dalilin filashi na biyu ke nan: in ka bar shi a cikin tsarin da ka tashi da shi, a RAM yake zaune, ana ɗauke wuta ya tafi, ka koma farko da faifan da ba lalle ya jure zagaye na biyu ba. In yana filashi, sake rubuta umarnin kawai zai ci gaba daga inda ya tsaya, sai dai ka sake duba lsblk, don sunayen kan canza bayan an sake kunnawa. Sa fanka ta riƙa hura faifan. Zagayen farko na iya ɗaukar awa biyu, na iya kwana. In ya kai kashi 99 da ɗoriya, sauran kuma na tafiyar hawainiya, kana iya tsayar da shi. In ya fara ƙwas-ƙwas ana tsaka da aiki, tsayar da shi dole.

Daga nan ka cire tsohon ka ajiye, duk sauran aiki a kan kwafin ne. A kansa chkdsk /f ba laifi, bayan ka kwashe muhimman fayiloli. In ɓangarorin faifan ba su bayyana ba, TestDisk na dawo da su. PhotoRec shi ne na ƙarshe, yana tono fayiloli amma ba sunayensu ba foldarsu.

Idan kuwa duk gwaji ya nuna faifan lafiya lau, fayilolin tashi ne wutar ta yanke ana tsaka da rubuta su. Alamarsa galibi lambobi irin 0xc000000e, 0xc000000f ko 0xc0000225. Bayan ka yi kwafi, tashi da filashin Windows, ka zaɓi gyara maimakon sakawa, ka gwada Startup Repair. In ya kasa, Shift da F10 na buɗe wurin rubuta umarni. A tsarin UEFI, shiga diskpart, rubuta list vol, nemi ƙaramin ɓangare mai FAT32, galibi 100MB, ka zaɓe shi da select vol da lambarsa, ka ba shi harafi da assign letter=S, ka fita da exit, sannan:

bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI

Lura cewa a nan Windows ba lalle ya kasance a C ba, duba da dir D:\ ko dir E:\ har ka ga inda foldar Windows take. A tsarin Legacy kuma bootrec /fixmbr, bootrec /fixboot, sannan bootrec /rebuildbcd. Wanda fixboot ya ce masa "Access is denied", yawanci a UEFI yake, bcdboot ne nasa.

A ganina, da irin alamun da ka lissafa, ko ta tashi kar ka mayar da aikin shago kan wannan faifan. Sa SSD, ma'ajiyar da ba abin da ke juyawa a cikinta, mai inci 2.5 na SATA, 256GB ko 512GB. Wayoyin nan biyu dai su ne, kuma gudunsa ya kai 500MB a daƙiƙa inda tsohon ke yin 100 zuwa 150. Lasisin Windows 10 na bin madabod ne, zai dawo da kansa in ka saka irin bugun da ke kai ka hau intanet, ko da yake Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ka buɗe CrystalDiskInfo a gaban mai sayarwa ka duba awannin aiki, don ana sayar da tsoho a kwalin sabo. Ka kuma sani SSD ba ya gargaɗi da ƙara. Rana ɗaya yake ɓacewa daga BIOS, ko ya canza suna, kamar masu arhar nan da ke komawa "SATAFIRM S11", kuma ceto daga cikinsa ya fi na HDD wuya. Don haka faifan waje da ake kwafa aiki a kai duk yamma a cire shi daga jiki ya zama dole, ko a riƙa tura takardun zuwa Google Drive, tunda fayilolin rubutu ba su da nauyi.

Sitabilaiza na daidaita wuta ne kawai, ba ta riƙe kwamfuta in an ɗauke. UPS, na'urar da ke riƙe wuta da batir, mai 650VA ya isa kwamfuta ɗaya da monita na 'yan mintocin da za a adana aiki a kashe ta yadda ya kamata. Batirinsa 12V 7Ah ne, yakan yi shekara biyu zuwa uku, a zafin Kano ko Sakkwato ma bai cika kaiwa ba, don haka a riƙa gwada shi ta hanyar zare fuloginsa daga bango ana kallo. Kar a jona firintar leza a kansa, jan wutarta ya fi ƙarfinsa. In za a koma janareta, a bar shi ya daidaita na minti ɗaya ko biyu kafin a juya layi, a kuma kashe kwamfuta kafin mai ya ƙare, domin lokacin da injin ke shaƙewa yana sama yana ƙasa ne wutar ta fi yin ɓarna.